Igiyar da Mudi Bai Ja Ba

Da hantsi aka bugo waya daga tashar jirgin ƙasa ta Dangora zuwa ofishin 'yan sanda na Kano. An fasa siton wani attajiri a Kwanar Dangora, an kuma tarar da mai gadin a ɗaure, babu rai. Da sata ce kawai, da 'yan dokan En'e sun ji da ita. Amma tunda akwai gawa, sai aka ce Sufeto Abdussalami ya je.

Sufeto mutumin Bebeji ne, ya san yankin tun yana yawo ba takalmi. Mutum ne mai jiki, mai sanyin magana, wanda ba ya son a gaggauta shi. Ya ɗauki Kofur Bashir, suka hau jif suka kama hanyar Zariya cikin zafin bazara.

A wannan watan babu zancen da ake yi a tasha da kasuwa sai na sigari. Gwamnati ta sanar a rediyo cewa daga farkon watan gobe za ta ƙara harajin da take karɓa a kan sigarin da ake yi a cikin ƙasa. Tun ranar sanarwar sigari ya ɓace. Manyan dillalai suka kulle sitonsu, suna jiran ranar da za su sayar da tsohon kaya a sabon farashi. Masu tebur kuwa, waɗanda ke sayar da kara ɗaya ɗaya su sami na cefane, suka zauna suna kallon hanya.

Siton na bayan tashar mota ne, ginin ƙasa mai rufin kwano. An ɓalle kwaɗon da ƙarfe. Dagaci da 'yan doka biyu sun hana mutane matsowa.

Mai gadin, Mudi, yana kwance a gefen ƙofa. Dattijo ne siriri, ya fara furfura. An ɗaure masa hannu ta baya da igiyar rama, an ɗaure ƙafa, an cusa masa tsumma a baki an kewaye da ƙyalle.

Sufeto ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya ga mutanen da ɓarayi suka ɗaure da yawa, kuma a turɓaya ake yar da su. Wannan kuwa a kan tabarma yake. An naɗe hularsa an sa masa a ƙarƙashin kai. Takalmansa na gefe, a jere.

"Kofur, zo ka ga ƙullin nan."

Bashir ya sunkuya. "Ban taɓa ganin irinsa ba, Yallaɓai."

"Dubi bakin igiyar. Ina ya ƙare?"

"A cikin tafin hannunsa."

Sufeto ya taɓa bakin igiyar da ɗan yatsa, ya ji ƙullin yana neman zamewa. Ja ɗaya za a yi masa ya warware gaba ɗaya. Ya sa wuƙa ya yanke igiyar daga gefe, ya bar ƙullin yadda yake, ya sa shi a aljihu.

Malamin asibitin da aka kira ya duba gawar ya ce babu rauni ko ɗaya, numfashi ne ya ɗauke. Sufeto ya ba dagaci izini a yi wa mamaci sutura.

Mai siton, Alhaji Maikano, yana zaune a kan kujera a inuwa yana fifita da hula. Bayan gaisuwa da jaje, Sufeto ya tambaye shi abin da aka ɗauka.

"Kayan kanti ne. Sukari, sabulu, ashana."

"Mu shiga ka nuna mini inda suke."

A ciki buhunan sukari na nan a jibge har rufi, sabulu ma ba a taɓa ba. Can kusurwa ne kawai aka sami fili, inda ƙasa ta nuna shatin kwalaye. Warin taba ya cika wurin.

"Alhaji, sukarinka warin taba yake yi?"

Alhaji ya gyara zaman rigarsa a kafaɗa. "To, akwai ɗan sigari."

"Na ji an ce ka gaya wa mutane ba ka da ko kara ɗaya."

"Akwai dokar da ta hana mutum ajiye kayansa?"

"Babu."

"To ka gani. Ba ni na ƙara haraji ba. In na sayar yau a tsohon farashi, da me zan sayo sabo gobe?"

Sufeto bai yi musu ba, don ya san akwai gaskiya a maganar. Ya ce, "Wa ya san kayan na nan?"

"Masu tebur duka sun zarga. Sun zo nan a ƙungiya suna magiya, na ce musu babu. Amma wanda ya gani da idonsa, Mudi ne kaɗai."

"Kana jin zai haɗa baki da wani?"

"Mudi? Ba zai soma ba. Don tausayi na ɗauke shi, har ɗaki na ba shi da matarsa. Kuma na gaya masa, ranar da ko allura ta ɓace a nan da saninsa, ranar zai bar aikin, ya bar ɗakin."

Bayan an dawo daga maƙabarta, Sufeto ya naɗe tabarmar da kansa ya nufi gidan mamacin. A zaure ya tarar da wani mutum ƙaƙƙarfa, mai tabo a haɓa, yana karɓar gaisuwa. Jar ƙasar kabari ba ta gama fita daga ƙafafunsa ba, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kai ɗan'uwansa ne?"

"Kusan haka, Yallaɓai. Sunana Mamman, ana ce mini Mamman Bama. Tare muka yi soja, tare muka je yaƙin Bama, can ƙetaren teku lokacin yaƙin duniya, tare muka dawo."

"Me kake yi yanzu?"

"Tebur nake da shi a tasha. Goro, alewa, sigari in akwai."

"Jiya kana ina?"

"Na je Tudun Wada neman kaya, can na kwana. Da safe labari ya same ni a hanya."

Ya yi maganar a tsaye ƙyam, idonsa a kan bango, yadda soja ke amsa wa babba. Sufeto ya yi masa ta'aziyya, ya nemi a yi masa iso wurin matar mamacin.

Dije tana zaune a bayan zana, mata sun kewaye ta. Sufeto ya tsaya daga waje ya miƙa tabarmar.

"Iya, Allah ya ji ƙansa. Wannan taku ce?"

"Tamu ce."

"Kullum yake tafiya da ita wurin gadi?"

Ta karɓi tabarmar ta ajiye. "Kullum."

Sufeto ya riga ya juya tabarmar a hanya. Bayanta fes yake, ko kaba ɗaya ba ta goge ba. Tabarmar da ake shimfiɗawa a ƙofar sito kullum ba ta zama haka.

"Yana da wani ciwo?"

"Fuka. Tun daga yaƙi ya dawo da ita. In ta taso masa, sai ya zauna ya buɗe baki kafin numfashi ya dawo."

"Mutane sun san da haka?"

"Yana ɓoyewa, kada Alhaji ya ji ya ce bai isa gadi ba."

"Jiya ya ce miki wani abu kafin ya fita?"

"Bai ce komai ba."

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe. Sufeto bai matsa mata ba. Ya yi sallama ya fito.

A jif Bashir ya ce, "Yallaɓai, matar nan ta san wani abu."

"Ta sani. Amma yau ta binne mijinta. Mu bi kayan tukuna. Sigari ba ya zama a ɓoye a irin wannan lokaci. Ina kasuwa ke ci gobe?"

"Ƙafin Maiyaki."

Suka kwana a Bebeji. Washegari suka tuɓe kaki suka sa riguna, suka bar jif a bayan gari suka shiga kasuwa a ƙafa. Ba su yi nisa ba suka ga mutane suna busa hayaki a rumfar mahauta, har da masu jakai. Bashir ya tambayi wani inda ya samu, mutumin ya nuna masa da baki.

Rumfar ta wata mace ce mai suna Baturiya, fara, mai matsakaicin shekaru, da jariri a baya. A kan teburinta akwai goro da ashana kawai. Sigarin na ƙarƙashi, cikin ƙwarya, an rufe da faifai.

Sufeto ya sayi kara biyu. Ta ba shi a tsohon farashi.

"Baiwar Allah, ke ba ki ji an ƙara haraji ba?"

"Ai wata bai kama ba tukuna. Yadda aka ba ni haka nake bayarwa."

"Wa ya ba ki?"

Ta ɗago ta dube shi sosai, ta dubi takalman 'yan sanda da ke ƙafar Bashir. Fuskarta ta canza.

"Wani direba ne, daga Zariya."

"Sunansa?"

"Ban tambaya ba."

"Motarsa fa, wace iri ce?"

"Mota dai."

Sufeto ya nemi wuri a kan benci ya zauna, kamar wanda rana ta dama. Ya ce mata kada ta ji tsoro, ba ita yake nema ba. Yana magana yana kallon sama, inda aka ɗaure zanar rumfar a jikin dirka. Ya miƙa hannu ya taɓa igiyar. Ƙullin ya nemi zamewa.

"Rumfar nan ta yi kyau. Wa ya kafa miki?"

Da ta ji an bar zancen sigari sai ta saki jiki. "Mamman Bama ne, na Kwanar Dangora. Tun da maigidana ya rasu shi ke taimaka mini. Shi ya koya mini sana'ar ma. Ya ce irin ɗaurin da suke yi wa alfadarai ne a wurin yaƙi, in iska ta taso ja ɗaya zan yi in sauke zanar."

Sai da ta faɗa ta ga hannun Sufeto a kan ƙullin. Ta sa hannu ta rufe bakinta.

"Ranka ya daɗe, ba ɓarawo ba ne. Tun da aka kulle sigari ba mu ga ciniki ba. Goro kaɗai ba ya ciyar da gida. Yarana da kunun kanwa suke kwana. Ba ni kaɗai ya kawo wa ba, duk masu tebur daga nan har Ƙiru ya bi ya raba musu."

"Kin san an rasa rai a wurin?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo. "Yau da safe na ji."

Sufeto ya nemi izininta ya yanke ƙulli ɗaya daga rumfar. Bashir ya ƙirga abin da ya rage a ƙwaryar ya ɗauka, don shaida.

Suka hau jif suka kama hanyar komawa. Duk shekarunsa a aikin nan Sufeto ya saba jin daɗi in bincike ya kama hanya. Wannan karon kuwa ji ya yi kamar a ce motar ta lalace.

Ya bari sai da aka yi sadakar uku, aka shafa fatiha, mutane suka fara watsewa. Sannan ya aika a kira masa Mamman zuwa gindin wata tsamiya a bayan gidan, inda babu kowa.

Mamman ya zo ya tsaya. Sufeto ya ce ya zauna, ya zauna. Sufeto ya fito da ƙulli biyu daga aljihu ya ajiye a ƙasa tsakaninsu.

"Wannan daga hannun Mudi na yanko shi. Wannan daga rumfar Baturiya."

Mamman ya dube su. Bai yi ko motsi ba.

"Na aika Tudun Wada, Malam Mamman. Ba wanda ya gan ka a can."

"Ban je ba."

"To gaya mini yadda aka yi."

Mamman ya ɗauki ƙullin farko ya riƙe a hannu. Da ya fara magana, muryarsa a daidaita take, kamar mai ba da rahoto.

"Ni na jagoranci masu tebur zuwa wurin Alhaji. Muka roƙe shi ya ba mu ko kwali ɗaya mu raba. Ya rantse babu. Mudi na tsaye a ƙofa yana ji, ya kasa ɗaga kai. Da yamma ya zo teburina ya ce, Mamman, kaya na nan har rufi. Ya ce shi ba ya iya barci, yana gadin abin da maƙwabtansa ke yunwa a kansa."

"Shawarar wa ce?"

"Tawa ce. Na ce mu ɗebi wani abu mu raba wa masu tebur a tsohon farashi, in an sayar a tara kuɗin a kai wa Alhaji ta hannun liman. Ba mu yi niyyar cin ko anini ba. Abin da aka fara kawowa na nan a ɗakina, ku je ku ɗauka."

"Ɗaurin fa?"

"Wannan nasa ne. Ya ce in ba a same shi a ɗaure ba, Alhaji zai kore su daga ɗakin, kuma Dije ba ta da inda za ta. Ya zo da tabarma daga gida yana dariya, ya ce yau mai gadi zai kwanta da izini. Na ɗaure shi, na sa masa bakin igiyar a hannu. Na ce, Mudi, ka san wannan ɗaurin, kai ka koya mini shi. In ka ji wani abu, ka ja."

Ya ajiye ƙullin a ƙasa.

"Tsumman ne na ƙi. Na ce ba zan toshe maka baki ba, na san ƙirjinka. Ya ce in ba a toshe ba, za a tambaye shi me ya hana shi ihu. Muka yi ta ja. Ya ce, Mamman, a Bama wa ke ba da oda, ni ko kai? Shi ne kofur ɗinmu a can. Ya ce to oda ce."

"Sai ka sa."

"Sai na sa. Da hannun nan. Na ɗora kaya a jakai na tafi. Ƙurar taba ta tashi sosai da muna fitar da kwalayen, na ji yana tari, amma ya yi mini alama da kai in tafi."

Sufeto ya ce, "Igiyar na hannunsa. Me ya hana shi ja?"

Nan ne fuskar Mamman ta rushe. Ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Sufeto ya kau da kai ya bar shi.

Can Mamman ya ɗago. "Na san shi, Yallaɓai. Cewa zai yi bari in ƙara daurewa kaɗan, asuba ta kusa. In ya kwance kansa, an gane shi, an gane ni. Haka yake tun can. Ya taɓa ɗauko ni a baya daga bakin kogi da harsashi a cinyata, yana haki kamar zai mutu, na ce ya ajiye ni, ya ƙi. Ni na haƙa kabarinsa shekaranjiya. Ina haƙa ina cewa a raina, da ma ku zo ku kama ni tun yanzu."

Sufeto ya kwashe ƙullin biyu ya mayar aljihu. Sannan ya ce, "Dole in tafi da kai Kano. Akwai fasa sito, akwai rai. Amma abin da na gani zan rubuta: tabarmar, da hular, da igiyar da ka sa masa a hannu. Zan faɗa a gaban alƙali da bakina."

"Masu tebur fa? Ba su san daga inda kayan suka fito ba."

"Ba su nake nema ba."

"Na gode. Alfarma ɗaya nake roƙo. A bar ni in gaya wa Dije da kaina."

Suka shiga tare. Matan suka ja gefe. Mamman ya durƙusa a bakin zana, ya kira ta da sunan da ya saba.

"Yaya Dije, ni ne. Ni na ɗaure shi."

 Muryarta ta fito, a gajiye, babu faɗa a ciki.

"Na sani, Mamman. Ya gaya mini tun da la'asar. Na ce masa komai za a yi, kada ya yarda a toshe masa baki. Ya ce to. Ku duka biyun ba ku taɓa jin magana ba."

"Ki yafe mini."

"Da kai ne a kwance shi a tsaye, da haka zai zo ya durƙusa a gaban matarka. Na yafe. Ka je. Iyalinka su dawo nan kusa da ni, ko ni in koma can, mu haɗa tukunya."

 Mamman ya tashi ya fito.

A ƙofar gida Bashir ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya mayar. Mamman ya wuce gaba da kansa, su biyun suna bin bayansa.

Hanyar zuwa inda jif yake ta tasha ta bi. Wata ya kama a ranar, sabon haraji ya fara aiki. An sa wa siton Alhaji Maikano sabon kwaɗo, ƙofar a buɗe, masu tebur sun yi layi a rana. Da suka hango Mamman tsakanin 'yan sanda, surutu ya ɗauke. Wani tsoho a layin ya fita daga wurinsa ya zo ya kama hannun Mamman da hannu biyu. Wani ma ya biyo shi, sai wani.

Sufeto ya tsaya gefe yana jira har suka gama. Sannan ya buɗe ƙofar motar, Mamman ya shiga, suka kama hanyar Kano.